Addu'ar Rufe Taro a Makera

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya Legas, yaya Zainabu da yara? Mu nan lafiya, sai ciwon bayan innarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san daga aji huɗu boko ya sallame ni.

Ran Asabar ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi taron raba wa zawarawa kekunan ɗinki da gyara famfon kasuwa. Al'adarmu, Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ya rufe. Ni na buɗe, na roƙi zaman lafiya, don tun da soja suka koma bariki bayan rikicin nan, jita-jita ba ta ƙarewa. Har zama ya rabu, mu dama, su hagu.

Da aka zo rufewa, kujerar Baba Yohanna tela, mai rufe mana kullum, wayam. Ciyaman ya ce a tashi kawai. Na ga in muka watse haka, kafin la'asar za a ce mun ƙwace ƙungiya. Sai na riƙe makirfo ina zuba shirme, har tarihin akuyarmu na ba su. Can Maman Rahila mai shinkafa ta miƙe daga ɓangaren Kirista: "Malam Idi, miƙo abin nan kafin ka kashe mu!" Ta yi addu'a, kowa ya ce amin.

Da aka tashi na biya gidan Yohanna, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya kwashe iyali sun koma Kakau, ba sallama. Wandon da na ba shi ɗinki kawai ya bar mini wajen maƙwabci, a goge.

Kada ka kawo yara hutun nan. Ku sa mu a addu'a, ka gaida surukanka.

Mahaifinka,
Idi