Lambobin da Hanifa Ke Aikowa

Litinin, 3 ga Yuni 2024
Matata Balaraba ta kawo mini wayarta ina alwala. Muryar Hanifa ce daga Dubai. Shekara uku ke nan ban yi magana da ɗiyata ba, tun ranar da na hana ta tafiya aikin kanti a ƙasar mutane amma ta tafi. Yau cewa ta yi: “Inna, ki gaya wa Baba kantinmu murabba'in mita dubu goma sha takwas ne.” Ta san shekara talatin da ɗaya na yi ina awon filaye. Na ci gaba da wanke ƙafa.

Laraba, 5 ga Yuni
Na je Zauro duba shinkafa. Gonarmu hekta ɗaya da rabi ce, ni na auna ta da hannuna. Ke nan kantin ya fi gonar da ta ciyar da mu girma. Duk don turare da agogo da jakunkunan mata. Na gaya wa Tamba maƙwabcin gona, ya ce, “To mi sunka shuka ciki?” Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 20 ga Yuni
Wasu lambobin kuma. Wai kamfaninsu na da reshe a Doha, hawa huɗu, bakin teku. Na Istanbul ƙarami ne amma tsakiyar gari yake. Na Landan ya fi duka tsufa, hawa bakwai. Na ce wa Balaraba ta daina kunna mini, ina ruwana da kantin masu kuɗi. Ta dube ni ta ce, “Malam, ba labarin kanti take ba ka ba. Sallama take yi a ƙofarka.”
Na rubuta lambobin a bayan littafin nan. Sabo da aiki ne kawai.

Asabar, 13 ga Yuli
Balaraba ba lafiya. Ƙafafu sun kumbura, ba ta iya cin abinci. Likita ya ce ƙoda.

Talata, 30 ga Yuli
Kwana goma sha bakwai a asibiti. Yau ta riƙe bakin rigata ta ce in kira Hanifa da kaina. Na ce ɗanmu Abbas zai kira, ai ƙanenta ne, sun fi sabawa. Ta saki rigar, ta juya fuskarta bango.
Abbas ya kira. Hanifa ta nemi hutu, shugabanta ya ce sai an gama rangwamen da suke yi. Jirginta sai tara ga wata.

Laraba, 7 ga Agusta
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar. Munka kai ta Argungu kusa da iyayenta kamar yadda take so, anka rufe ta kafin magariba. Da ake gina kabarin idona ya auna shi ban sa shi ba. Bai cika mita biyu ba.
Abu guda ta roƙe ni.

Asabar, 10 ga Agusta
Hanifa ta iso. Ta durƙusa a bakin zaure gaban masu gaisuwa ta ce, “Baba, ya haƙuri?” Na ce, “Haƙuri sai ma'aiki.” Shi ke nan abin da ya fito. Da ta tashi na ga tana ɗingishi. Ta rame. Fuskar uwarta ce sak lokacin da na auro ta.

Lahadi, 18 ga Agusta
Na kai ta Argungu ta gai da dangin uwarta. A hanya na tsaya bayan katangar maƙabarta na nuna mata wajen daga nesa, kusa da wata bishiyar bedi. Ta daɗe tsaye. Ban hanzarta ta ba.
Da muna dawowa na tambaye ta ƙafar. Ta ce tsayuwa ce, awa goma kullum, ba a zama a gaban masu saye. Sai magana ta ɓalle mata. Ashe ta ƙofar baya ma'aikata suke shiga kantin. Su shida ne a ɗaki guda, tafiyar awa ɗaya a bas. Kantin da take ba ni girmansa ba ta taɓa zagaye shi ba, wajen turare kaɗai ta sani, taku goma sha biyu. Na Landan da Istanbul ko a mafarki. Daga littafin da ake ba ma'aikata take kwafo lambobin.
“Na rasa abin da zan faɗa ka saurara, Baba. Na san dai ba ka ƙin lamba.”
Na kama sitiyari da hannu biyu. Gonaki duk sun yi kore, ruwa ya kwanta a fadama, ban iya duban komai sai kwalta.
Kusa da gari ta ce an ba ta shugabancin sashe a reshen Doha, can akwai kujera da ɗakinta ita kaɗai. “Amma in ka ce in zauna, na zauna. Wannan karon ba ni tafiya sai ka ce.”
Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 22 ga Agusta
Gidan nan na unguwar Nasarawa ya yi mini faɗi. In ta zauna akwai mai dafa mini, akwai murya a tsakar gida. Na sani don kaina nake so. Shekara uku ta tsaya da ƙafafunta kafin ta samu kujerar nan.

Talata, 27 ga Agusta
Ni na kai ta filin jirgi, ban bar wa Abbas ba. A bakin ƙofa ta durƙusa, na ɗora hannu a kanta. Na faɗi abin da ya kamata uba ya faɗa. Muryata ba ta fita sosai ba, amma ta ji, don ta ce amin sau uku.
Da na dawo na ce wa Abbas ya kwashe buhunan albasa daga tsohon ɗakinta, a kira mai fenti, a gyara tagar. Ya ce, “Baba, ta ce za ta dawo ne?”
Na ce damina ce ta ɓata bangon.