Rakiyar Inna

Daren Laraba, Cheetham Hill

Inna ta yi barci, ni kuwa idona ya ƙi rufuwa.

Tun zuwanta ƙasar nan, kullum da safe sai ta raka ni tashar tram, wai mai fita nema ba ya tafiya ba rakiya. Yau ma ta tsaya har na shiga, ta ce, “Allah ya tsare, Binta.” Da tram ɗin ya tashi na waiwaya ta taga, sai na ga ta nufi dama, ta dawo, ta nufi hagu, ta tsaya cak. Daga nan fa ana hango gidanmu.

Na sauka a tasha ta gaba, na dawo da gudu. Na tarar da ita zaune a benci, ruwa ya jiƙa mayafinta.

“Inna, me kike jira?”

“Baiwar Allah, 'yata nake jira,” ta ce.

Shekara nawa ina aikin likita, ina gaya wa 'ya'yan wasu sunan wannan ciwon mantuwa. Yau bakina ya kasa furta shi.

Ta jera takalmanta a bakin ƙofa saboda rakiyar gobe. Na ɓoye makulli.