Mun Koya Mata Komai, Ban da Wanda Take Bauta Wa

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, abin ya fi ƙarfina. Matar ƙanena ba a Musulunci aka haife ta ba, a gidan Kiristoci ta taso. Ita da kanta ta karɓi kalmar shahada kafin aurensu, ba wanda ya tilasta ta. Gida ɗaya muke, ɗakinta na kallon nawa, ni ce kuma aka ɗora wa koya mata addini.

To, ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na hana ta miƙa abu da hagu, na goge mata jan farce, na gyara mata ɗaurin ɗankwali. Goggonmu kullum sai ta yi mata gorin harshe, wai Fatiharta kamar ana tauna tsakuwa. Ranar da na ga hoton mahaifiyarta a bango na cire shi na jefa cikin durowata.

Makon jiya muna wanke-wanke ta tambaye ni wai shi Allahn da take yi wa duk wannan, wane ne shi, kuma yaya addinin ya faro. Na ce mata ta bari sai ta iya alwala tukuna. Tun ranar ba ta sake tambayata komai ba. Yanzu ta haɗa jaka wai za ta je ganin mahaifiyarta, jakar kuwa ta fi ta kwana biyu. Ƙanena ya daina yi min magana. Tsoro nake ta tafi ta bar auren, ta bar addinin gaba ɗaya.

Yayar Miji

'Yar'uwa, niyyarki mai kyau ce, kuma alwala da tsarki ba abin wasa ba ne. Sai dai kin fara daga ƙarshe.

Da wahayi ya sauko wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kogon Hira, shekarun Makka sun tafi ne wajen kafa tauhidi: Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, Mai rahama ne, kuma gare shi za a koma. Azumin Ramadan ma sai a Madina aka wajabta shi. Sahabbai a hankali aka bi da su.

Tambayarta ita ce tushen addinin, kuma kin san amsar. Ki zaunar da ita ki faɗa mata abin da muka yi imani da shi: Allah, mala'ikunsa, littattafansa, manzanninsa, ranar lahira da ƙaddara. Ki gaya mata Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryam, waɗanda ta taso da sunansu, muna girmama su. Inda kika kakare ku je wurin malama tare. Goggo kuma a roƙe ta ta sassauta.

Kada ki hana ta tafiya. Musulunci ya umarce ta da kyautata wa uwarta ko da addininsu ya bambanta. Batun rataye hoto ki bar wa malamai, amma hoton nata ne. Ki buɗe durowar nan yau, ki miƙa mata shi hannu da hannu kafin ta ɗauki jakar, ki ba ta haƙuri. Allah ya dawo muku da ita lafiya, ya tabbatar da mu baki ɗaya.