Kwalbar Baba Ba Suna, Kuma Su Biyu Ke Shanta

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni tela ne. Wata huɗu ke nan da aka sa mahaifina cikin wani binciken asibiti, wai na gwamnati, kan sabon maganin hana shanyewar ɓarin jiki. Tun farko raina bai kwanta ba. Asibitin da muke wuni a layi, yau su ke kiran Baba a waya suna tambayar ya ya kwana, har kujera ake jawo masa. Yaushe gwamnati ta fara ƙaunarmu haka? Kwalbar maganin ba suna, sai lamba. Na tsare likitan, ya ce shi kansa bai san ko magani ne a ciki ko ƙwayar da ba komai ba. Likita fa!

To ga inda ta ƙwaɓe. Baba ya ji ƙarfi, sai tausayin ƙaninsa Baffa, mai hawan jini, ya kama shi. Ƙwaya biyu aka ce Baba ya sha kullum: yana shan ta safe, Baffa na shan ta yamma, don in an ƙirga a ga daidai. Baffa kuwa ya watsar da maganinsa na hawan jini. Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a shagona, sai da ya dafa keken ɗinki. Baba ya ce in na faɗa ban da mutunci. Tsoro nake ji. In janye Baba daga binciken shiru, ko kuwa?

Tela Mai Zargi

Malam Tela, tambaya haƙƙinka ce, kada ka daina. Amma likitan bai yi maka ƙarya ba. A irin wannan bincike ana raba mutane gida biyu, a ɓoye wa kowa abin da ya samu, don kada son rai ya shiga sakamakon. Ka nemi takardar da Baba ya sa wa hannu, ku karanta tare, ka tambayi wa ke sa musu ido. Yana da ikon fita ranar da ya so.

Sai dai zarginka ya tafi asibiti, alhali haɗarin na cikin gida. Ko dai Baffa na shan sabon maganin da ba a auna jikinsa da shi ba, ko kuma ba ya shan komai sam. Yau ɗin nan ka kai shi a duba jininsa, da kwalbar a hannunka. Ka gaya wa masu binciken gaskiya. In ta kama, suna iya buɗe sirrin lambar. Shirunka zai gurɓata sakamakon da za a yi wa wasu iyayen magani da shi.

Baba zumunci ya nufa, ka lallashe shi cikin ladabi. Zai yi fushi, ka jure. Fushin kwana biyu ya fi masa sauƙi a kan ya wayi gari yana juya ƙaninsa a shimfiɗa. Allah ya ba su lafiya, ya yi maka albarka.

Anti