Safa a Hannu

Daren Laraba, Maigatari

Kwana uku ke nan kircin nan bai bar ni na runtsa ba. Ɗazu na yi gyangyaɗi a kan babur, ga fasinja a baya, saura ƙiris mu shige ƙarƙashin tirela. Na koma tasha ina ta susar hannu, sai Oga Sale bakanike ya ce, "Shafa man birki, kwana biyu ka warke."

Na ce, "Oga, bara ma haka ka ce, na shafa, fatar ta saɓule. Hannuna ne, ba ƙafar mota ba." Bakina ya yi kaifi, na sani. Gobe zan ba shi haƙuri, amma ba zan shafa ba.

Takardar da malamar asibiti ta ba ni na bi: na yanke farce, na bar sabulu mai ƙamshi, na shafa basilin bayan wanka. Inna ta ga na zura safa a hannuwa don kada in yi susa, ta ce, "Auta, dambe za ka?" Na ce e, da ƙaiƙayi.

Safar hannun dama na cire don rubutun nan, yanzu zan mayar. In ban samu barci ba, gobe babur ba zai fita ba. Ba zan kashe ɗan mutane saboda susa ba.