Taransifoma Mai Tsaga Biyu

Kurfi, Laraba bayan Isha'i

Yau ma na je Dutsin-Ma kan na'urar wasan talabijin ɗin nan. Albashi ba zai sayi sabuwa ba, shi ya sa na samo matattu biyu a Kano, na kai wa Malam Haruna mai gyaran rediyo ya haɗa mani guda mai rai. Duk kayan na hannu ne, 'yar taransifomar da ke ba na'urar wuta kaɗai na tabbata lafiyarta lau, don a gabana aka gwada ta. Kafin in miƙa, na sa ƙusa na yi mata tsaga biyu a gindi, yadda Baba ke yi wa kunnen tumakinmu.

Ina zuwa ya ce, "Malam Sani, taransifomarka ta ƙone ƙurmus. Amma ka yi sa'a, an kawo mani wata daga Kaduna, zan yi maka sauƙi."

Na karɓa ina jujjuyawa, sai farcena ya faɗa cikin tsaga. Biyu cif.

Na ce ya nuna mani ƙonanniyar. Wai ya yar. Mutumin da ko mataccen batir ba ya yarwa, tara su yake a gwangwanin madara!

Sai na yi masa sallama na taho. Kawun matata ne, shi ya yi mata walicci. Ɗazu ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo, na ce kaina ke ciwo.

Asabar zan koma. Zan durƙusa in gaishe shi da kyau, in ajiye ƙusar nan a kan teburinsa, in ga wanda zai fara sunkuyar da kai.