Abincin Auta yana kan firij

Yaya,

Na samu kina barci, ban so in tashe ki ba, na wuce gareji.

Maganar Auta ce, kyanwar Inna. Jiya da na ga har yanzu ta ƙi cin komai, na sa ta a kwali na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya buɗe bakinta ya ce, "Tsohuwar nan haƙora sun ƙare, da me za ta tauna busasshen abinci?" Sai na tuna kofin ruwan ɗumin da Inna take ajiyewa kusa da farantinta. Ashe jiƙa mata take yi. Mu kuma muna ta cewa kewa ce.

Ya ce a koma na gwangwani mai laushi. Na ɗauko mai tsadar saboda kyan hotonsa, ya ce in mayar. Ya karanta min rubutun da ke bayan wani gwangwanin mai sauƙin kuɗi, kifi ne ya fi yawa a ciki, ba gari ba. Shi na saya, yana kan firij, za mu iya ɗorewa da shi.

Ki zuba mata kaɗan a farantin nan mai tsaga, ki kai bakin gadon Inna, nan ta saba ci. Kada ki tsaya mata a ka, ki zauna kawai.

Na san tun rasuwar ba kya son shiga ɗakin. Ki yi haƙuri. Inna ta ce a kula mata da Auta, kuma kin san ba ni take nufi ba.

Ko lasa ta yi, ki kira ni.

Ƙaninki